2.4 Gajerun Finafinan Zane na Mustafa Alasan da Matsalar Adana Su

A fasalin da ya gabata an kawo ma'anar fim ɗin zane, wato katun. A nan kuwa za a dubi wasu tsofaffin gajerun finafinai irin waɗannan da aka yi a maƙwabtanmu, amma ba kowa ya san da su ba. Yaro a Mandera ko Boɗinga ko Shagari zai iya sanin Tom and Jerry na Amurka, alhali bai taɓa jin sunan Mustafa Alasan ba, wanda ya zauna a Tawa, arewa da Sakkwato ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni.

An haifi Mustafa Alasan a Nijar a shekarar 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Ya fara harkar fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, sannan ya ƙaro ilimin zane a Kanada wurin Norman McLaren. Daga cikin ayyukansa akwai Bon Voyage Sim (1966), fim na kimanin minti 5, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ana ta yi masa fareti. Wannan habaici ne ga shugabannin Afirka na bayan samun 'yanci, kuma salon ya yi daidai da na tatsuniya, inda ake sakaya mutum da dabba. Haka kuma akwai Samba le Grand (1977) da Kokoa, waɗanda ya yi da 'yartsana. A Kokoa dabbobi ne ke kokawar gargajiya.

Adana irin waɗannan finafinai yana da wuya. Zaren fim ba ya jure zafi da laima: yakan yi warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, har hoton ya lalace. Bugu da ƙari, gajeren fim ba ya kawo kuɗi a gidan silima, don haka kwafinsa kaɗan ne. Shi ya sa manazarci yakan dogara ga ma'adanan ƙasashen waje. Misali, a 2017 gidan adana zane-zane na MoMA a New York ya nuna jerin finafinansa.

Don haka wannan nazari yana ganin ya kamata sassan koyar da Hausa su mallaki kwafin waɗannan ayyuka, domin a nazarce su tare da adabin baka.