Zanzibar a Wuni Guda: Abin da Ake Nuna wa Baƙo da Abin da Sai Ya Tambaya

Duk wanda ya sauka a Zanzibar da niyyar buɗe ido, kafin ya huce gajiyar hanya za a miƙo masa takarda mai jerin wuraren da ake kai baƙi: tsohon gari, gonar kayan ƙamshi, dajin birai, gaɓar teku. Zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya shiga ayari, a zuba su su ashirin a bas guda, a yi ta kora su daga nan zuwa can kamar garken da za a kai mashaya. Ko kuwa ya ɗauki ɗan jagora da mota shi kaɗai, ya biya ninkin kuɗin. Na biyun na zaɓa. Hukuncin da na yanke bayan wunin kuwa shi ne, abin da ƙarin kuɗin ke saya wa mutum shi ne damar ya yi tambaya ya tsaya a ba shi amsa. Sanyin mota da faɗin kujera gyara ne kawai.

Wurin da mu ke kira Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9, galibinsu Musulmi. Unguja shi ne wanda baƙi ke nufa. Tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, jirgin ruwa mai gudu kan kai mutum can daga Darussalam cikin awa biyu. A shekarar 2023 baƙin da suka shiga daga ƙetare sun haura dubu 600. Ƙaramin wuri mai karɓar jama'a haka dole ya koyi gajarta labarinsa, ya fitar da wanda za a iya faɗa cikin minti goma kafin bas ta tashi.

Jagoran nawa magidanci ne da ya ba shekara arba'in baya, yana da takardar izinin aiki daga hukumar yawon buɗe ido, abin da ya raba shi da 'yan ci-da-ceton da ke tare baƙi a bakin tashar jirgin ruwa, waɗanda mutanen gari ke kira papasi, wato kaska. Turanci muka riƙa yi, muna haɗawa da ɗan Larabcin da kowannenmu ya samo a makarantar allo da ta zaure. Sai dai harshen Suwahili kansa bai zame mini baƙo sarai ba. Ashirin ishirini ce a wurinsu, arba'in arobaini, hamsin hamsini, Alhamis kuwa Alhamisi. Agogonsu ne abin lura: daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, saboda haka bakwai na safe ƙarfe ɗaya ne a bakinsu. Da ƙarfe ɗayan nasu muka kama hanya.

Tsohon garin, Mji Mkongwe, wanda Turawa ke kira Birnin Dutse, da ƙafa ake shigarsa, domin lungunansa ba su ɗaukar mota. Wanda ya san cikin ganuwar Kano ko Zazzau zai gane tsarin nan take: lungu ya haifi lungu, masallaci a kowace kusurwa, dakali a ƙofar gida inda dattawa ke shan gahawa. Bambancin shi ne gidajen benaye ne da aka gina da dutsen murjani da farar ƙasa, ga ƙyamare na katako masu sassaƙa, na Larabawa masu kusurwa huɗu, na Indiyawa masu gantsararren kai da ƙusoshin tagulla. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A bakin teku aka nuna mini tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698, da Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ginin da ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani sashe nasa ya rushe a watan Disambar 2020. A nan ne kowane ɗan jagora ke ba da labarin da baƙi suka fi so, na yaƙin 27 ga Agusta, 1896, lokacin da jiragen ruwan Ingila suka yi wa fadar Khalid bin Barghash ruwan wuta, aka gama cikin ƙasa da minti 45. Ana ba da shi da dariya, wai yaƙi mafi gajarta a tarihi. Sai da na tambaya aka ce mini mutanen sarkin kusan 500 ne suka mutu ko suka jikkata a wannan ɗan lokaci.

Daga nan muka nufi majami'ar Angilikan, wadda aka aza harsashinta a 1873 a filin tsohuwar kasuwar bayi, shekarar da Ingila ta tilasta wa Barghash ya rufe kasuwar. A harabar akwai wani rami mai mutum-mutumin bayi biyar da sarƙa a wuya, aikin wata mai sassaƙa 'yar Suwidin, Clara Sörnäs, a 1998. A ƙarƙashin wani gini na kusa kuma akwai ɗakuna biyu masu duhu da gajeren rufi, inda ake ce wa baƙi nan ake tsare bayi kafin a fito da su kasuwa. Ayarin da ya riga mu ya fito wasu na share hawaye. Da wurin ya zama daga ni sai shi, jagorana ya rage murya ya ce, "Malam, akwai masana tarihinmu da ke ja da wannan labari, suna cewa ginin da ke kan ɗakunan bayan rufe kasuwar aka yi shi. Cinikin bayin dai gaskiya ne, kuma ya fi abin da ɗakunan nan za su iya nunawa muni." Ya ce ba ya faɗin haka a gaban ayari, saboda cikin mutum ashirin ba a rasa wanda zai ɗauka yana wanke kakanninsa ne.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Baƙo na son wuri guda da zai tsaya ya yi baƙin ciki, ya ɗauki hoto, ya wuce. Amma bauta a Zanzibar ba a ɗaki biyu ta tsaya ba. Ita ce ta ɗauko hauren giwa a ka daga tsakiyar nahiyar zuwa gaɓar teku, ita ta gina benayen da na wuni ina yabawa, har da gidan Tippu Tip, shahararren fataken bayi da hauren giwa da ya rasu a 1905. Rufe kasuwar bai 'yanta kowa ba. Sai a 1897 aka soke bauta a doka. Mu da muka fito daga ƙasar da ta san rinji da gandu da cucanawa ba mu da bakin yi wa kowa gori a wannan babi, kuma hakan ya sa hirar tamu ta yi sauƙi.

Abin da ba ya cikin takardar da aka ba ni shi ne Ng'ambo, kalmar da ke nufin tsallake. Da can wani rafin teku ne ya raba garin biyu: masu dukiya, Larabawa da Indiyawa, a gidajen dutse, talakawa da 'yantattun bayi a tsallaken. An cike rafin ya zama titi, kasuwar Darajani na bakinsa. Na roƙi mu tsallaka, ya ce tafiyar tawa ce. A unguwar Michenzani muka tarar da dogayen benaye na kankare jere kamar taragon jirgin ƙasa, waɗanda gwamnatin Abeid Karume ta gina bisa tsarin Jamus ta Gabas. A gindinsu ne aka ba ni labarin da ba na ji ko ɗaya daga ayarorin safiyar nan ya ji. Ingila ta miƙa mulki ga gwamnatin sarki ranar 10 ga Disamba, 1963. Wata guda bayan haka, ranar 12 ga Janairu, 1964, aka yi juyin juya hali, Sarki Jamshid ya tsere ta ruwa, aka kashe dubban mutane, mafi yawansu Larabawa da Indiyawa. Ranar 26 ga Afrilu aka haɗe da Tanganyika, Tanzaniya ta samu. Sabuwar gwamnati ta ƙwace manyan gonaki ta raba wa talakawa eka uku-uku. Jagorana ya ce a danginsa akwai wanda ya sami eka ukun, akwai kuma wanda ya gudu Oman bai dawo ba. Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba. Marubucin nan Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, yana cikin matasan da suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo bayan wannan tashin hankali.

Gonar kayan ƙamshi, a yankin Kizimbani da ke arewa maso gabas da gari, ita ce wurin da na fi ɗokin gani, saboda kanumfari. Tun ina yaro nake tauna shi a fura da kunu da yaji, ban taɓa ganin bishiyarsa ba. Doguwa ce mai duhun ganye, abin da muke ci kuwa tohon furenta ne, wanda ake tsinkewa da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma kwanaki har ya yi baƙi. Karafuu suke ce masa, daga asalin Larabcin da muka samo namu sunan. Daga tsibiran Maluku na Indunusiya bishiyar ta fito, ta iso nan a farkon ƙarni na 19, kuma Sayyid Sa'id, Sarkin Oman da ya dawo da fadarsa Zanzibar daga Maskat, shi ya matsa a shuka ta ko'ina. Bayi ne suka yi aikin. Guguwar 1872 ta kwantar da yawancin bishiyoyin Unguja, tun daga lokacin Pemba ta karɓe ragamar noman. Saboda haka gonar da ake kai baƙi lambun nuni ne: 'yan bishiyoyin kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi, masoro, citta, kowanne kaɗan-kaɗan. Wani saurayi zai hau bishiyar kwakwa yana waƙa, wani ya saƙa maka hula da ganye, a ƙarshe a kai ka teburin sayarwa. Ban ga laifinsu ba, neman halaliya ne, kuma na sayi kirfar da ban taɓa jin mai ƙamshinta ba. Sai dai manomin kanumfari na gaske yana Pemba, kuma kamfanin gwamnati ne ke sayen amfaninsa a farashin da gwamnati ta yanka. Wannan ma sai da na tambaya.

Dajin Jozani ba mu daɗe a cikinsa ba. Akwai jan biri da ba a samun irinsa sai a wannan tsibiri, mai al'adar cin gawayi don ya kashe dafin ganyen da yake ci. Mun gan su, sun gan mu, muka wuce.

Gabashin tsibirin shi ne Zanzibar ɗin da ke cikin hotuna: farin rairayi, ruwa shuɗi garai-garai, otal na bin otal. A Paje na ce a ajiye motar a bayan gari mu shiga ta cikin unguwa. Ƙasar wannan yanki dutsen murjani ce, ba ta riƙe ruwan sama, rijiya kuwa idan aka matsa mata da ja sai ruwan teku ya kutso ya mai da ita zartsi. A gefe guda na katanga tafkin ninkaya ne da ciyawar da ake yi wa ban-ruwa, a ɗaya gefen yara ne da jarkoki. Mata na fitowa daga teku da buhuna a ka, ruwa ya fara dawowa a bayansu. Ciyawar teku suke nomawa, mwani, sana'ar da ta kankama a nan a 1989: su kafa turaku a inda ruwa ke janyewa, su ɗaura igiya, su ɗaure 'yan reshe a jiki, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. Ana fitar da ita ƙetare a tace wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da kayan abinci. Wata dattijuwa da jagorana ya gaisar da girmamawa ta ce ɗumin ruwa na kashe musu irin da ya fi tsada, ga masu otal ba su son ganin turaku a gaban baƙinsu. Ba ta nemi komai a wurina ba. Na sayi sabulun da ƙungiyarsu ke yi, kuma shi ne kuɗin da na kashe a wunin da na tabbata hannun da ya shiga.

A nan ne nake ganin masu sukar irin wannan yawo suna da hujja, amma ba cikakkiya ba. Gaskiya ne mutum ɗaya a mota guda almubazzaranci ne, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yakan tsaya a hannun otal ko dillalin da ya haɗa ka da jagoran. Maganin wannan shi ne ka nemi mai takardar izini kai tsaye, ku yi ciniki baki da baki, ka faɗa masa tun da safe cewa ba ka son a kai ka shagon da ake ba shi la'ada. Amma bas mai mutum ashirin ba ta tsallaka Ng'ambo, ba ta tsayawa a bayan Paje, domin jadawalinta an gina shi ne a kan abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba.

La'asar ta same mu a Kizimkazi, can ƙuryar kudu. Baƙi na zuwa garin ne da sassafe don su shiga kwale-kwale su bi kifayen dolfin, kaɗan ne ke waiwayar wani ƙaramin masallaci mai rufin kwano a ɓangaren Dimbani. Yawancin ginin na ƙarni na 18 ne, amma a bangon alƙibla akwai rubutun Kufi da aka sassaƙa a dutsen murjani, ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. A lissafin littafin Tarihin Kano, wannan zamanin Gijimasu ne, sarkin da ya fara ginin ganuwa, fiye da shekara ɗari biyu kafin Wangarawa su iso a zamanin Yaji. Mai kula da masallacin ya kawo mana ruwa a buta, muka yi alwala, ya shiga gaba ya ja mu salla, mu uku, a ƙarƙashin rubutun.