Kafin Ki Hau Babur Ɗin Ruwa

A makon nan ba zancen girki ko renon jariri na zo muku da shi ba. Wani abu ne ya same ni a kan ruwa, na ga in na yi shiru ban kyauta ba. Yanzu mata da yawa daga cikinmu su kan bi mazansu ko iyayensu zuwa hutu a Ikko, ko Dubai, ko Masar, kuma duk inda a ke shaƙatawa a bakin teku, da wuya ki rasa masu ba da hayar babur ɗin ruwa. Za ki ga abin yana tsaga ruwa gwanin sha'awa, zuciyarki ta ce miki ke ma gwada. Ban ce kada ki gwada ba. Amma ki saurari labarina tukuna.

Da aka ba mu dogon hutu a makaranta, sai muka tafi Ikko wurin wan maigidana. Ran wata Asabar ya kwashe mu zuwa bakin ruwa. Maigida ya biya hayar babur guda na minti 30, ya ɗauke ni a baya muka zaga muka dawo. Na ga abin ba wuya, na roƙe shi ya bar ni in tuƙa ni kaɗai, tun da na iya keke tun ina yarinya, na kuma fara koyon mota. Ya yi dariya ya ce, "To, Malama, in dai ba za ki yi mana kuka ba."

Yaron da ke kula da baburan ya sa mini rigar kariya, ya ɗaura mini wata 'yar igiya a wuyan hannu, ya yi bayani da Turanci da sauri kamar ana korarsa. Ya ce, "Madam, kin gane?" Wallahi rabi ban ji ba. Amma ga maza tsaitsaye suna kallo, ga shi an ce ni malamar makaranta ce, sai kunya ta kama ni, na ce na gane.

Ban yi nisa ba iska ta fizge mayafina ta jefa shi bisa ruwa. Na kewayo in ɗauka. Da na matso kusa sai na saki totur, na karkata kan babur don in tsaya a gefensa, kamar yadda zan yi da keke. Ina! Babur ya ƙi juyawa, ya zarce sak ya bi ta kan mayafin. Sai na ji inji ya yi wani gurnani, ya mutu. Na danna, na sake dannawa, shiru. Ga ni tsakiyar ruwa, ban iya iyo ba, ruwa kuwa yana jana a hankali zuwa hanyar da jiragen fasinja ke bi. Ba addu'ar da ban karanta ba. Sai da aka zo da wani babur aka jawo ni. Da aka fid da abin gaɓa, aka zaro mayafina daga cikin cikinsa tsumma-tsumma. Maigida ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Da a wuyanki ya ke fa?" Daga nan ba wanda ya ƙara yin dariya. Kuɗin gyaran da muka biya kuwa ya fi na hayar.

Da muka komo gida na zauna na bincika yadda abin nan ke aiki, don in san inda na yi kuskure. Ga abin da na samu.

YADDA YA KE TAFIYA

Wani Ba'amurke mai tseren babur, Clayton Jacobson, shi ya ƙago shi. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fara sayar da irinsa a 1968 da sunan Sea-Doo. Kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da nasa mai suna Jet Ski a farkon shekarun 1970, wannan suna kuwa shi ya bi duniya, har a kan kira kowane iri da shi. Yamaha ma suna da nasu, WaveRunner.

Ba shi da farfela a waje irin ta jirgin inji. A ƙarƙashinsa akwai wata kafa mai ƙarafa a jere, ta nan ya ke zuƙo ruwa, farfelar da ke ɓoye a ciki ta tunkuɗa shi da ƙarfi ya fita ta wani bututu a baya. Wannan feshin shi ke tura babur gaba. In kin karkata kan babur, bututun nan ki ke karkatawa, ba wani abu ba. To, kin ga ke nan in babu feshi babu juyawa. Ran da kika ga wani abu a gabanki, tsoro ya sa kika saki totur, kin saki ikon juya shi ke nan, zai ci gaba da zamewa inda ya dosa. Abin da ya same ni ke nan. Mai son kauce wa abu a kan babur ɗin ruwa sai ta juya kai tana ba shi wuta. Wannan ya saɓa wa abin da jiki ya saba, shi ya sa dole a gwada shi a fili, a hankali, tun ba a shiga hatsari ba. Akwai sababbi da a ke sa musu dabarar da ke ɗan taimakawa in an saki totur, amma kada ki dogara da ita.

Abu na biyu, totur ɗinsa ba murɗawa a ke yi ba. Wani ɗan hannu ne a ɓangaren dama, matsa shi a ke yi da yatsa, kamar birkin keke. Wadda ta firgita ta damƙe shi da nufin tsayawa, gudu ta ƙara. Abu na uku, tsofaffin baburan ba su da birki ko kaɗan. Sai a 2009 Sea-Doo suka fito da mai birki, kuma har yanzu ba kowane na haya ke da shi ba. Ki tuna fa, babba mai ɗaukar mutum uku ya kan kai kilo 300 ko fiye, waɗansu kuma su kan yi gudun kilomita 100 a sa'a guda. Ba abin wasan yara ba ne.

ZANCEN SUTURA

Nan ne abin ya fi shafarmu. Kamfanonin da ke ƙera baburan nan da kansu sun yi gargaɗi cewa dogon gashi, da tufafi masu yalwa, da igiyar da ke reto, duk kafar nan ta ƙasa tana iya zuƙe su in inji yana aiki. To, mayafi da dogon hijabi da zane da abaya, wanne ne ba mai yalwa ba? Ban ce ki tuɓe mutuncinki don hutu ba, Allah ya sawwaƙe. Akwai kayan iyo na mata Musulmi masu rufe jiki daga kai har idon sawu, hular a haɗe ta ke, ba ta tashi. In ba ki da su, ki sa dogon wando da riga mai dogon hannu, ki ɗaure gashinki, ki sa ƙaramin hijabi ki cusa bakinsa cikin rigar kariya. Babban mayafi ki bar shi hannun wanda ke jiranki a gaɓa.

Akwai kuma wata magana mai nauyi, amma rashin faɗarta ya fi nauyi. In mutum ya faɗo ta baya daidai inda feshin nan ke fita, ƙarfin ruwan yana iya shiga jikinsa ta gaba ko ta baya, ya yi ɓarna a ciki har ta kai ga aikin asibiti. Mata masu zama a baya su abin ya fi samu. Saboda haka ne a jikin baburan a ke manna takarda ana cewa kowa ya sa wando mai kauri mai kama jiki, irin na masu nutso, domin yadi mara kauri ba ya tare kome. Ki nemi irinsa ki sa daga ciki. In a baya ki ke zaune, ki riƙe da kyau, ki kuma gaya wa mai tuƙi kada ya fizgi babur ba tare da ya faɗa miki ba. In kin faɗa ruwa, kada ki matso sai an kashe inji, sa'an nan ki hau ta baya.

Mai juna biyu ta haƙura, gama babur ɗin yana dukan ruwa da ƙarfi. Goyo kuwa ko kusa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai inda a ke takawa ba, ba a ɗaukarsa.

Rigar kariya ba a sasanta ta. Ki zaɓi daidai jikinki, ki ɗaure kowace igiya, ki sa a ja ta sama daga kafaɗa. In ta haura har kunnuwanki, ta yi miki yawa, a sake wata. Mu 'yan Arewa mun san abin da ruwa ke yi. Ba mu manta da jirgin Bagwai a Jihar Kano ba, wanda ya kife a watan Nuwamba 2021 da yara 'yan Islamiyya a ciki, ko na Patigi a Jihar Kwara a watan Yuni 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Ruwan wurin hutu da na ƙauye duk ɗaya ne, bai san mai kuɗi ba. 'Yar igiyar nan ta wuyan hannu ita ma kada ki raina ta. In kin faɗo, ita ke fizge makulli ta kashe inji, don kada babur ya tafi ya bar ki, ko ya afka wa wani.

ZANCEN KUƊI DA TAKARDA

Kafin ki biya, ki karanta takardar da za a ba ki ki sa hannu, ko ki sa a karanta miki. Galibi a cikinta a ke rubuta cewa duk abin da ya lalace ke za ki biya. Ki tambaya nawa ne kuɗin jingina, me zai sa a riƙe shi, ki kuma karɓi rasit. Ki zaga babur tare da mai shi, ki ɗauki hoton kowane ƙarzane da tsaguwa da wayarki a gabansa. A wuraren hutu na ƙasar Tailan, kamar Phuket da Pattaya, an daɗe ana kuka da masu nuna wa baƙo tsohon tabo su ce shi ya yi, su nemi kuɗi masu yawa, har gwamnatin Ostireliya ta kan ja kunnen mutanenta a kan haka. Fasfo kuwa kada ki kuskura ki ba da shi jingina. Wanda ya riƙe fasfonki ya riƙe hanyarki ta komawa gida. In kin yi inshorar tafiya, ki duba ko ta haɗa da wasannin ruwa, gama da yawa ba su haɗa ba.

Kowace ƙasa kuma da dokarta. A Faransa ba a ba mutum ya tafi shi kaɗai sai yana da lasisin tuƙin jirgin ruwa, in ba shi da shi sai ya bi malami mai koyarwa, kuma ba a gudu cikin mita 300 na kusa da gaɓa. A Jihar Florida ta Amurka sai mai shekara 14 ke tuƙawa, sai mai 18 ke karɓar haya, ba a kuma hawa da dare. A Ikko hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar ta wajabta rigar kariya. In kika ga mai haya bai damu da shekarunki ba, bai damu da ko kin taɓa hawa ba, kuɗi kawai ya ke miƙo wa hannu, ki nemi wani wuri.

Sai ki yi masa tambayoyin da ni na ji kunyar yi. Ina iyakar inda zan je? Ina masu iyo, ina hanyar jirage? Wannan yana da birki? In inji ya mutu, wa zai gan ni, da me zai zo? In ya kife, ta wane gefe a ke mayar da shi? Mai nawa ke ciki? Masu aikin ruwa suna da ƙa'ida a kan mai: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. In bai yi bayani da harshen da ki ke ji ba, ki ce ya maimaita, ya kuma nuna miki da hannu. In karonki na farko ne, ki zaɓi fita tare da jagora, ki bar tafiya ke kaɗai sai kin saba. In kuwa iska ta taso, ko rana ta kusa faɗuwa, ki fasa, ko da kin riga kin biya.

Kullum ina gaya wa 'yan ajina cewa wadda ba ta gane ba ta ɗaga hannu, matambayi ba ya ɓata. Ga shi ni da ke faɗa na kasa ɗaga nawa, don kada a ce Malama ba ta jin Turanci. Kunya ado ce ga mace, ba wanda ya musa. Amma kunyar da za ta hana ki cewa "ban gane ba" alhali za ki hau kan ruwan da ya fi ƙarfinki, wannan ba ta cikin adon. Ni mayafi na rasa, da kuɗin gyara, na gode Allah. Ragowar mayafin yana nan cikin akwatina, in mun koma makaranta zan kai shi aji in nuna wa 'yan mata.

Wadda ta taɓa hawa, ta rubuto mana yadda ta ƙare da shi, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.