Littattafan tarihin yanki da neman asalin iyali a ƙasar Meksiko: matsalar sunaye

1. Gabatarwa

Mai neman asalin wani iyali a ƙasar Meksiko yakan fara da abu biyu: sunan mutum da sunan gari. Amma daga 1521, shekarar da Sipaniyawa suka ci birnin Tenochtitlan, zuwa yau, babu ɗayansu da ya tsaya wuri guda. Garuruwa sun sake suna, iyakokin mulki sun gusa, ƙa'idar rubutu ta canza, sunan iyali kuma bai zama gado ga kowa ba sai daga baya. Wanda bai lura da haka ba yana iya jingina kansa ga zuriyar da ba tasa ba, don kawai suna ya zo ɗaya. A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa babban amfanin littafin tarihin yanki shi ne ya faɗi yadda ake kiran gari a wata shekara, da hukumar da ke riƙe da shi a lokacin, domin takardu suna bin hukuma ne. Samun sunan kaka a cikin littafin kansa sa'a ce, ba a dogara da ita.

2. Inda takardun suke

Tushen binciken iri biyu ne. Na farko kundayen majami'u: na baftisma, na aure da na jana'iza. Babban taron majami'ar Katolika na Trente ya wajabta rubuta baftisma da aure a 1563, kuma wannan doka ta bi limamai zuwa Sabuwar Sipaniya, wato Meksiko ta zamanin mulkin mallaka. Na biyu kundayen hukuma (état civil), waɗanda dokar Benito Juárez ta 1859 ta kafa, ko da yake ba su kankama a ko'ina ba sai bayan 1867.

Kundin baftisma yana zaune a ikilisiyar da aka yi ta, amma wasu takardu sukan haura zuwa fadar babban limamin yanki (évêché). Mafi amfani daga cikinsu su ne takardun neman izinin auren zumunta, tun da dokar majami'a ta hana aure tsakanin dangi har mataki na huɗu sai da izini. A cikinsu shaidu kan jero kakannin ango da na amarya har inda suka haɗu. Alal misali, an kafa Monterrey a 1596 da iyalai 12, kuma zuriyarsu sun yi ta auren juna. Har zuwa 1777, lokacin da aka kafa fadar Linares, yankin yana ƙarƙashin babban limamin Guadalajara. Ke nan mai neman waɗannan takardu na kafin 1777 sai ya nufi Guadalajara, fiye da kilomita 600 daga garin kakanninsa. Taswirar yau ba za ta faɗa masa haka ba.

3. Rukunin littattafai uku

Muna iya kasa littattafan gida uku, bisa tambayar da kowane rukuni ke amsawa.

3.1. Littattafan iyakokin mulki. Su ke amsa tambayar « wa ke riƙe da garin a shekara kaza? ». Jigonsu shi ne aikin Peter Gerhard na 1972, wanda jami'ar UNAM ta fitar da Sipaniyanci a 1986 da sunan « Geografía histórica de la Nueva España ». Gerhard ya ɗauki gundumomin mulki yadda suke a 1786, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: masu mulki, ikilisiyoyi da lokacin kafa su, yawan jama'a, tsofaffin sunayen ƙauyuka, da takardun da ya dogara da su. Ya ƙara juzu'i biyu, na kudu maso gabas a 1979 da na arewa a 1982. Game da bayan ƴancin kai na 1821, hukumar ƙididdiga ta INEGI ta buga wa kowace jaha littafin da ke bin sauye-sauyen iyakokinta daga 1810 zuwa 1995. Ana buƙatarsa, domin jahar Guerrero ba ta samu ba sai 1849, Hidalgo da Morelos an yanke su daga jahar Meksiko a 1869, Nayarit kuma, wadda dā ɓangaren Jalisco ce, ta zama jaha a 1917.

3.2. Littattafan tarihin zama. Su ke amsa tambayar « daga ina mutanen suka zo? ». Littafin Vito Alessio Robles na 1938 a kan Coahuila da Texas yana ba da labarin kafa garuruwan arewa maso gabas, har da zuwan ƴan Tlaxcala: a 1591 an kwashi iyalai kusan 400 daga can zuwa arewa, wasunsu suka kafa San Esteban de Nueva Tlaxcala daura da Saltillo. Israel Cavazos Garza kuwa ya tattara a 1964 takardun da mazaunan farko na Nuevo León suka rubuta suna roƙon fili, inda suke faɗin asalinsu da hidimarsu ga sarki. Ga mai karanta Faransanci, kundin François Chevalier na 1952, « La formation des grands domaines au Mexique », yana bayyana yadda manyan gandaye suka samu. Wannan yana da muhimmanci, tun da galibi sunan gandu ne limami ke rubutawa a matsayin mazaunin ƴan ƙauye.

3.3. Littattafan gari guda. Abin koyi a nan shi ne « Pueblo en vilo » na Luis González (1968), tarihin San José de Gracia ta jahar Michoacán, wanda ya fito da Faransanci a 1977 cikin jerin Terre Humaine. An kafa garin a 1888, bayan an sayar da gandun Cojumatlán gunduwa-gunduwa a farkon shekarun 1860. Darasin a fili yake: wanda aka haifa a wurin a 1870 ba za a same shi a kundin garin ba, sai a ikilisiyoyin maƙwabta. Cikin wannan rukuni akwai kuma rubuce-rubucen marubutan tarihin gari da ake kira cronista. Sun san gidaje da gonaki, sai dai da yawansu ba su faɗin inda suka samo labari.

4. Matsalar sunaye

A nan ne mai ilimin harsuna ke da abin cewa.

4.1. Sunayen wurare (toponymie). Sipaniyawa sun lanƙwasa sunayen harshen Nahuatl bisa kunnensu: Cuauhnahuac ya koma Cuernavaca, Huaxyacac ya koma Oaxaca. Limamai sun liƙa sunan waliyyi gaban sunan asali, kamar San Juan Teotihuacán, kuma takarda na iya kawo rabi ɗaya kawai. Bayan ƴancin kai aka shigo da sunayen jarumai: San Miguel el Grande ya zama San Miguel de Allende a 1826, Valladolid ta zama Morelia a 1828, Paso del Norte ya zama Ciudad Juárez a 1888. Ga kuma sunaye masu tagwaye: ban da San José de Gracia ta Michoacán, akwai wata a Jalisco, akwai wata a Aguascalientes.

4.2. Ƙa'idar rubutu. Sipaniyancin Meksiko bai bambanta s, z da c a furuci, b da v ma ɗaya suke, h kuwa ba a furta ta. Saboda haka Valdés, Valdez da Baldés mutum guda ne a hannun magatakarda uku. A 1815 majalisar harshe ta Madrid ta daina rubuta x a madadin sautin da yau ake rubutawa da j, amma tsohon rubutu bai ɓace ba: Ximénez da Jiménez, Xalisco da Jalisco. Sai a duba jerin sunayen da ke ƙarshen littafi ƙarƙashin kowane harafi da zai yiwu.

4.3. Sunan iyali. Tsarin suna biyu, na uba sannan na uwa, ya daidaita ne a ƙarni na 19. Kafin nan ƴan ciki ɗaya na iya ɗaukar sunaye dabam-dabam, wani na uba, wani na uwa ko na kaka. Game da ƴan asalin ƙasa, James Lockhart ya nuna a 1992 cewa mutanen Nahua sun fara da haɗa sunan baftisma da sunan Nahuatl, daga baya suka koma ga sunayen baftisma biyu, irin Juan Diego, ko laƙabin addini irin de la Cruz. Waɗannan ba su nuna zuriya, sau da yawa ma ɗa bai gadonsu.

4.4. Kalmomin jinsi. Har zuwa 1822 limamai na rubuta español, indio, mestizo ko mulato kusa da suna, ikilisiyoyi da dama ma kundi dabam suke ware wa kowane rukuni. Mutum guda na iya fitowa da kalma ɗaya ranar baftisma, da wata ranar aure. Wanda ya duba kundi guda ya tsaya, zai ce kakansa ya ɓace.

5. Yadda ake nema da yadda ake tantancewa

Muna ba da shawarar a bi wannan tsari. A fara da takarda mafi kusa da yau wadda ta haɗa suna, wuri da shekara. Takardun ƙidayar 1930, waɗanda suka jero mutanen kowane gida, suna kan shafin FamilySearch tare da hotunan kundayen majami'u masu yawa. Daga nan a koma ga rukuni na farko a fitar da duk sunayen da wurin ya taɓa ɗauka, da ikilisiyarsa, da fadar babban limaminsa. Da waɗannan sunaye, tsoho da sabo, za a binciki jerin littattafan ɗakunan karatu. Galibin littattafan yanki gwamnatocin jahohi ne da jami'o'insu ke buga su, ko cibiyoyi irin El Colegio de Michoacán da Luis González ya kafa a Zamora a 1979. Kwafi kaɗan ake bugawa, amma wasu jami'o'i, kamar ta Nuevo León, sun sa tsofaffin littattafai a intanet.

In littafi ya zo hannu, sai a yi masa tambaya uku. Yana faɗin ma'ajiya da kundin da ya samo kowane labari? Yana da jerin sunayen mutane da na wurare? Yana rarrabe abin da takarda ta ce da abin da dattawa suka ce? Wanda ya kasa ta farko, a ɗauke shi a matsayin mai nuna hanya, a je a tabbatar a kundi.

6. Waɗanda littattafan suka manta

Yawancin tsofaffin littattafan yanki tarihin masu fili ne. Peter Boyd-Bowman, masanin harsuna, ya tattara, ya kuma buga tun daga 1964, sunaye da garuruwan asali na dubban Sipaniyawan da suka ƙetara teku a ƙarni na 16, don ya auna tasirin karin harshen Andalus a kan Sipaniyancin nahiyar Amurka. Aikin ya yiwu ne saboda an rubuta waɗannan mutane da garuruwansu. Bayin da aka kawo daga Afirka kuwa, sunan baftisma aka ba su, wani lokaci da laƙabin yanki irin Angola, Congo ko Mandinga. Gonzalo Aguirre Beltrán, cikin « La población negra de México » (1946), ya bi waɗannan laƙabobi don gano asalinsu. Su dai a takardun ciniki da na gado ake samunsu, cikin jerin dukiyar iyayengijinsu; don haka tarihin gandun da suka yi bauta shi ne ƙofar shiga.

7. Kammalawa

Mun ga cewa suna, na mutum ne ko na gari, yana da shekarar da ya fara aiki da shekarar da ya daina. Ɗalibanmu sun san irin wannan matsala: gari guda Damagaram ne a baki, Zinder a takarda, kuma wani kaso na takardunsa na zamanin mulkin mallaka yana Dakar, inda babban gwamna ya zauna. A Meksiko ma haka abin yake. Mai bincike ya fara tabbatar da sunan gari da hukumarsa a shekarar da yake nema, sannan ya buɗe kundi ya nemi mutum.