Daga House of the Dragon zuwa Labarina: me ya sa ƙarshen zango ke tayar da ƙura?

Daga Tourou, Parakou

Ranar 4 ga Agustan 2024 tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na takwas, wanda shi ne na ƙarshe, a zango na biyu na shirin House of the Dragon. Mako takwas masu kallo suka yi suna jiran yaƙi. An wasa takubba, an samo wa dodanni masu aman wuta sababbin mahaya, rundunoni sun baro garuruwansu, jiragen ruwa sun kama hanya. Ana cikin haka sai shirin ya ƙare, ba a gwabza ba. Kafin gari ya waye ƙorafi ya cika intanet da Turanci da Faransanci, kuma maganar da ta fi yawo ita ce an tara mutane an nuna musu tallar zango na uku.

Wanda bai kalli wannan shiri ko Game of Thrones ba, kuma yana da niyya, ya sani cewa a nan ƙasa za a fasa ƙwai.

Kalmar da masu shirya fina-finan Hausa suka zaɓa wa abin da Faransawa ke kira saison ta dace ƙwarai, kuma mu mutanen Parakou da Djougou mun fi kowa sanin asalinta. A zamanin fatake, ayarin da ya taso daga Kano zai nufi Gwanja sayen goro yakan ratsa Borgu, ya yada zango a garuruwanmu, a sauke kaya, jakuna su sha ruwa, a yi ciniki, sannan a tashi. Unguwannin da ake kira Zongo a yau daga nan suka samo suna. Zango ba shi ne ƙarshen tafiya ba, amma wuri ne da aka nufa aka kuma isa. Madugun da ya tsayar da ayari a tsakiyar daji, ba rijiya ba inuwa, ya ce a dakata nan sai baɗi, dole ya sha surutu. Abin da masu kallo suka ji an yi musu ke nan.

Labarin kansa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Sarki Viserys ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, daga baya ya sake aure ya haifi ɗa namiji, Aegon. Da ya rasu, dangin uwar Aegon suka yi wuf suka ɗora shi a kan gado. 'Yan ubanci ne tsagwaronsa, sai dai kowane ɓangare yana da dodanni. An ɗauko shi daga littafin Fire & Blood na George R. R. Martin wanda ya fito a 2018, kuma duk wanda ya karanta ya san wani babban yaƙin ruwa na tafe, wanda ake kira yaƙin Gullet. Zango na farko, na 2022, kashi goma ne. Na biyu aka rage shi zuwa takwas, aka tura wannan yaƙi zuwa zango na uku. Jagoran shirin, Ryan Condal, ya yi bayanin cewa yaƙin na bukatar lokaci da kayan aikin da za su ishe shi. Hujja ce mai kama hankali, domin kowane minti na dodo a sama aikin kwamfuta ne na watanni da kuɗi masu yawa. Amma wanda ya jira shekara biyu tsakanin zango da zango ba lissafin kamfani ya zo ji ba.

Tabon da bai warke ba

Fushin 2024 yana da tushe a 2019. Game of Thrones ya fara a watan Afrilun 2011, ya ƙare ranar 19 ga Mayun 2019, bayan zango takwas da kashi 73. An gina shi a kan jerin littattafan Martin, wanda na farkonsu ya fito a 1996, na biyar kuma a 2011. Marubucin ya tsara su zama bakwai. Shirin talabijin yana tafiya duk shekara, alƙalamin marubuci kuwa ya tsaya, har a zango na shida, a 2016, fim ya wuce littafi. Daga nan David Benioff da D. B. Weiss, masu shirya shi, suka ci gaba ba tare da rubutaccen labarin da za su jingina da shi ba.

Sai kuma suka ƙara sauri. Zango shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai ya zama bakwai, na takwas shida kacal. A cikin waɗannan shida aka gama da rundunar matattu da aka shekara takwas ana tsorata mutane da ita, a dare ɗaya, cikin wani kashi mai duhun da mutane da yawa suka ce ba su ga abin da ke faruwa ba. Wanda ya kalla a ƙaramar wayar salula, daga bidiyon da aka matse don ya shiga katin waya, shi kam sai dai ya bi da kunne. A kashi na huɗu an manta da kofin kofi na zamani a kan teburin sarakuna, har sai da HBO ta goge shi da kwamfuta daga baya. A na biyar Daenerys Targaryen, wadda aka san ta da 'yanta bayi, ta ƙone birnin King's Landing da mutanen cikinsa bayan an buga ƙararrawar miƙa wuya. A na shida masoyinta Jon Snow ya soke ta, dodonta ya narkar da karagar ƙarfen da aka yi ta kashe juna a kanta, aka kuma ba Bran Stark sarauta, mutumin da kusan ba wanda ya kawo a ransa.

Mutum miliyan 19.3 ne suka kalli kashin ƙarshe a kafafen HBO a daren da aka nuna shi, adadin da tashar ba ta taɓa samu ba. A lokaci guda fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a wata takardar koke a Change.org suna neman a sake shirya zangon gaba ɗaya da wasu marubuta. Ba a sake ba. Hasali ma zangon ya ci kyautar Emmy ta gwarzon shirin wasan kwaikwayo a shekarar. Waɗanda abin ya fi ba ni tausayi su ne ɗaruruwan iyaye a Amurka da suka raɗa wa 'ya'yansu mata Khaleesi, laƙabin Daenerys, tun tana jarumar talakawa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Gara a jira ƙarshen labari kafin a yanka rago.

A ganina masu koken sun yi daidai a wuri ɗaya, sun kauce a wani. Cewa Daenerys ba za ta iya ƙone gari ba, wannan ba haka ba ne: tun zangunan baya an nuna ta tana gicciye iyayengijin bayi, tana ƙone waɗanda suka ƙi durƙusa mata. Masu kallo sun yi tafi a lokacin saboda waɗanda ta kashe ba su da farin jini. Inda aka cuce su shi ne gaggawa. Juyewar zuciyar da ta cancanci zango guda aka cusa ta cikin kashi biyu. Abincin ba laifi, ɗanye aka sauke shi.

Masu littafi da masu kallo

Duk shirin da aka ɗauko daga littafi yana da jama'a iri biyu, kuma ba abu ɗaya ke ɓata musu rai ba. Mai kallo zalla yana son a biya shi ladan jiransa. Wanda ya karanta littafi kuwa yana zaune ne da awo a hannu. Haka aka yi da The Wheel of Time na kamfanin Amazon, wanda aka ɗauko daga littattafai 14 na Robert Jordan. A ƙarshen zango na farko, a Disambar 2021, nasarar da littafi ya ba jarumi Rand a kan rundunar maƙiya sai aka miƙa ta ga wasu mata masu sihiri, makaranta suka yi ca. An dakatar da shirin a 2025 bayan zango uku, labari bai kai ko rabi ba.

House of the Dragon yana da wata matsala ta daban. An rubuta Fire & Blood kamar littafin tarihi, inda marubucin ke kawo ruwayoyi masu saɓa wa juna: wane ya ce kaza, wane ya ce ba haka ba ne. Kyamara ba ta iya nuna ruwaya uku a lokaci ɗaya, dole ta zaɓi guda, kuma duk wadda ta zaɓa ta ɓata wa masu riƙe da sauran. Shi kansa Martin, a Satumbar 2024, ya fito ya soki cire wani yaro mai suna Maelor daga shirin, yana ganin rashinsa zai ɓata abubuwan da ke gaba. Ba a jima ba aka sauke rubutun.

Wannan hali mun san shi tun muna yara. Idan kaka tana ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta tsallake wani wuri, ko ta sauya abin da ya sami Gizo, yara ne ke fara tsayar da ita, domin sun riga sun haddace. Kuma ba mai tashi sai an ce ƙurunƙus. Labarin da aka ji sau goma ya zama na masu saurare, mai bayarwa riƙon amana yake yi.

Sai dai sauyi shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma babbar shaida tana cikin adabinmu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930 cikin littafi uku, yawancin labaransa an ɗebo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Imam ya sauya sunaye da garuruwa da ɗabi'u har suka zama na ƙasar Hausa, ba wanda ya kai ƙararsa. Dabarar riƙe mai sauraro ma tana ciki, domin aku yana jero labarai ne don ya hana Musa ɗan sarki fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Da gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da littafin wasan kwaikwayo a shekarun 1980, da marigayi Ƙasimu Yero cikin 'yan wasa, masu kallonsa mutane ne da suka karanta shi a makaranta, kowa da irin akun da ya zana a ransa.

A gidajenmu

A nan arewacin Benin waɗannan shirye-shirye sukan iso mu ne da muryar Faransanci, ta tauraron ɗan'adam ko ta wurin masu tura fim a waya. Sau da yawa muna baya da kwanaki ko makonni, don haka TikTok da WhatsApp kan riga su gaya mana wanda ya mutu. Muna gadon fushin wasu kafin mu ga abin da ya jawo shi. A matsayina na malami ina da wata damuwar: Game of Thrones da House of the Dragon shirye-shiryen manya ne, akwai tsiraici da zubar da jini a fili, kuma haka masu su suka yi musu alama. Katin waya ba ya tambayar shekaru. Uban da ya ji ana maganar dodanni ya ɗauka wasan yara ne, ya kamata ya duba wayar.

Inda muke kallo tare da kowa, a rana ɗaya, shi ne shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020 a Arewa24 da YouTube, ba labarin sihiri ba ne, ba a kuma ɗauko shi daga littafi ba, amma ya nuna cewa mai kallo ɗaya ne a ko'ina. A ƙarshen 2022 Nafisat Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, aka yi ta muhawara ko Sumayya ce ko ba ita ba ce. A daidai wannan lokaci, a Oktoban 2022, aka sanar cewa Henry Cavill zai bar The Witcher na Netflix, Liam Hemsworth ya gaje shi, masoyan shirin suka yi irin wannan kuka da wani harshe.

Bambancin shi ne nisan da ke tsakanin mai kallo da mai shiri. HBO takan gama ɗaukar zango gaba ɗaya kafin a nuna kashi na farko, don haka koke ba ya sauya komai sai dai zango na gaba. Shirin da ke cin abinci da yawan masu kallo a YouTube kuwa, ra'ayin jama'a yana ƙarƙashin bidiyon, darakta na gani da idonsa, har daga Parakou ko Kumasi ko Yamai. Wannan dama ce ga mu da ke wajen Najeriya, domin da can ba mai jin ta bakinmu. Tana da haɗarinta kuma. Marubucin da ke tsoron masu kallo ba zai kashe jarumin da ya kamata ya mutu ba, zai yi ta jan labari kamar ƙosai a bakin marar haƙori.

Kayan labarin sihiri kam muna da su jibge. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljanu da tafiye-tafiyen ban mamaki. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Akwai littattafan yaƙi na zamani irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda matasa ke saurare ana karanta su a waya. Kannywood ta taɓa mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim. Abin da ya hana a ga irinsu a dogon zango shi ne abin da ya tura yaƙin Gullet gaba, wato tsadar nuna abin da babu shi a zahiri. Ɗaukar rigimar gado a falo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Makaranta littattafan Hausa kuma sun san zafin sayen na ɗaya da na biyu, a yi ta zarya wurin mai sayar da littattafai ana tambayar na uku. Masu karanta Martin suna wannan zaryar tun 2011, suna jiran littafi na shida, The Winds of Winter. Shi kuwa Condal ya ce House of the Dragon zai ƙare ne a zango na huɗu.