Dawakin Lexington da Ba Sa Haniniya

Wanda ya sauka a birnin Lexington na jihar Kentaki, a Amurka, cikin rabin ƙarshe na shekarar 2022, da wuya ya yi tafiyar minti biyar a tsakiyar gari bai ci karo da doki ba. Ga wani a ƙofar banki, ga wani a dandali, ga wani can a bakin otal. Girmansu na dokin gaske ne, sai dai ba sa haniniya, ba sa cin harawa. Mutum-mutumi ne da aka ƙera da faiba, wato haɗin roba da zaren gilas irin wanda ake yin ƙananan jiragen ruwa da shi, aka kuma yi wa kowanne fenti irin nasa. A bayansu kuwa sai ka ga iyali guda, uwa da uba da yara, riƙe da taswira ko waya, suna bin su ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar hoto, suna cire sunan wanda suka gani daga jeri.

Dabarar ba a Kentaki aka faro ta ba, kuma ba da doki aka fara ba. A shekarar 1998 birnin Zurik na ƙasar Suwizalan ya jera shanu na faiba wajen 800 a titunansa, masu zane daban-daban suka ƙawata su. Wani mai kantin takalma daga Shikago, Peter Hanig, ya gani ya yaba, ya koma gida da maganar. A 1999 Shikago ta baje nata shanun sama da 300, da aka gama aka yi gwanjonsu, aka tara fiye da dala miliyan 3 don ayyukan jinƙai. Daga nan abin ya bazu, kowane gari ya nemi dabbar da ta dace da shi. Sinsinati ta ɗauki alade a 2000, saboda tarihinta na sarrafa naman alade, Balin ta Jamus ta ɗauki dabbar beyar da ke tambarin birnin a 2001.

Lexington ba ta sha wahalar zaɓe ba. Garin yana kiran kansa babban birnin dawaki na duniya, kuma ba cika baki ba ne kawai. Ƙasar yankin tana zaune a kan dutsen farar ƙasa, makiyayan wurin kuma sun daɗe suna cewa ruwa da ciyawar da ke fitowa daga irin wannan ƙasa su ke ƙarfafa ƙashin doki. Filin sukuwa na Keeneland, wanda aka buɗe a 1936, shi ne kuma kasuwar da attajiran duniya ke haɗuwa duk watan Satumba don sayen duƙushi ɗan shekara guda, wani kan haura dala miliyan. Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid, yana da gonar dawaki a nan. Saboda haka a shekarar 2000 aka fito da shirin da aka sa wa suna Horse Mania, da dawaki 79. An sake yi a 2010 da guda 82, daidai lokacin da garin ya karɓi gasar wasannin dawaki ta duniya, karon farko da aka yi ta a wajen Turai. Na uku shi ne na 2022, shekarar da ƙungiyar LexArts mai shirya abin ta cika shekara 50, kuma yawan dawakin ya zarce na baya nesa ba kusa ba, har da ƙananan duƙushi da 'yan makaranta suka yi wa ado.

Yadda ake tafiyar da shi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ana zubo dawakin farare fat daga mazubi guda ko 'yan kaɗan, saboda haka siffarsu kusan ɗaya ce. Masu zane su aiko da tsarin abin da suke so su yi a takarda, kwamiti ya tace. Kamfani ko wani mai hali ya zaɓi zanen da ya yi masa, ya biya kuɗin dokin da ladan mai zane, a rubuta sunansa a ƙaramin allo a gindin mutum-mutumin. Idan an gama fenti sai a bi shi da man ƙyalli irin na mota don ya jure rana da ruwa, a ɗaure shi a kan dakali mai nauyi yadda iska ko ɓata-gari ba za su kayar da shi ba. Ya yi 'yan watanni a titi, ƙarshen shekara a kai shi Keeneland a yi gwanjonsa, a wurin da ake sayar da dawaki masu rai. Kuɗin su tafi ga ayyukan fasaha da ƙungiyoyin taimako na garin.

Abin sha'awar yana cikin wannan siffa guda ɗin. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san cewa doki duk doki ne, kwalliya ce ke nuna na wane gida ne. Haka nan ma, jiki ɗaya aka ba kowa, amma wani mai zane ya lulluɓe nasa da fasassun tangaran, wani ya shimfiɗa gonaki da shingayen katako daga wuya zuwa gindi, wani ya mai da dokin sararin dare mai taurari. Akwai wanda aka zana shi ya koma tamkar katangar duwatsu, irin tsofaffin katangun da ake jerawa ba siminti a gefen hanyoyin yankin. Sai ka ga doki biyar ka gane cewa hannun mai zane kake kallo.

Ba kowa ne ke tafa wa abin ba. Cikin masana fasaha akwai masu ganin cewa wannan talla ce aka yi wa riga, tunda mai biyan kuɗi shi ke zaɓen zane, kuma ba kamfanin da zai zaɓi abin da zai ɓata wa abokin cinikinsa rai. Suna kuma ƙorafin cewa garuruwa sun yi ta kwaikwayon juna har abin ya gundura. Akwai gaskiya a ciki. Da wuya ka sami doki a cikinsu da ya taɓo wani abu mai ɗaci, alhali tarihin sukuwa a Kentaki yana da nasa ɗacin: a tseren Kentucky Derby na farko, a 1875, mahaya 13 cikin 15 baƙaƙen fata ne, wanda ya lashe ma, Oliver Lewis, baƙar fata ne daga wannan yanki, amma cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan 1900 aka ture su daga sana'ar. Irin wannan labari ba shi ne yakan hau bayan dokin da banki ya biya ba.

Duk da haka ina ganin masu sukar sun fi zura ido ga dokin, sun manta da mai nemansa. A garuruwan Amurka da yawa mutum kan fito daga gida ya shiga mota, ya sauka a ƙofar inda za shi, ya shekara ashirin bai taka wani titi na garinsu da ƙafa ba. Taswirar dawakin nan takan tilasta masa ajiye mota. Don ya ga na arba'in da bakwai sai ya ratsa unguwar da bai taɓa shiga ba, ya wuce tsohon ginin da bai san da shi ba, ƙila ya tsaya ya sha wani abu a shagon da ke kusa. Kallon kyauta ne, ba tikiti, ba mai gadi, kuma yaron da ba zai yarda a kai shi gidan adana zane-zane ba shi ne ke jan hannun ubansa a nan. Abin da masu shiryawa ke roƙo kawai shi ne kada a hau, domin kunne da ƙafar faiba ba su da wuyar karyewa.

Wasu garuruwan dawaki sun bi sahu. Ocala ta jihar Fulorida ta yi nata a 2001, Louisville, inda ake tseren Derby, ta yi a 2004.

A Lexington, neman dawakin yakan ƙara wuya bayan gwanjo, kuma masu naci sun fi son sa a lokacin. Dawakin sukan watse: wani ya koma harabar asibiti, wani zauren ofis, wani can cikin gonar wanda ya saya inda ba a gani daga titi. Tsohuwar taswira ta daina aiki. Mai neman dawakin 2000 a yau sai ya haɗa da tambayar mutanen unguwa, da leƙa tagogin gine-gine, da duba allon da ke gindin kowane doki don ya tabbatar na wace shekara ne, tunda wasu an sake musu fenti bayan rana ta cinye na farko.