Rarrabewa ko Dunƙulewa: Tsohuwar Muhawara a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Tun lokacin da ilimin halayyar ɗan Adam ya rabu da falsafa ya tsaya da ƙafarsa, masanansa suke jayayya a kan tambaya guda: in ana son a fahimci mutum, shin rarraba shi za a yi zuwa ƙananan sassa a nazarci kowane, ko kuwa a dube shi a dunƙule? A wannan takarda za a kira ra'ayi na farko mazhabar rarrabewa, na biyu kuma mazhabar dunƙulewa. Batun ba baƙo ba ne ga ɗalibin harshe, domin shi ma kullum yana tsinka jimla zuwa kalmomi, kalma zuwa gaɓoɓi, gaɓa zuwa sautuka, kuma ya san cewa ma'anar karin magana ba ta fitowa daga haɗa ma'anonin kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

Mazhabar rarrabewa ce ta fara kafuwa. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig ta ƙasar Jamus, kuma ɗalibinsa Edward Titchener ya tafi Amurka da burin gano ƙananan tubalan da tunani ya ginu a kansu, kamar yadda masana kimiyya suka jera sinadarai. Ya ƙirga ire-iren abin da ido da kunne ke iya bambancewa har fiye da 44,000. A 1913 John Watson ya ce a bar batun tunani gaba ɗaya, a tsaya kan abin da ake iya gani: abu ya taɓa halitta, halitta ta mayar da martani, irin yadda karnukan Pavlov suke dalalar da miyau. Wasu kuma suka gangara ƙasa da haka, zuwa ƙwaƙwalwa kanta.

Wajibi ne a yi wa wannan mazhaba adalci, domin ta yi abin a zo a gani. A 1861 Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci a Paris wanda ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, alhali yana fahimtar magana, ya sami rauni a gaban ɓangaren hagu. Misali mafi ƙarfi shi ne wata irin hauka mai haɗe da shanyewar jiki da ta cika asibitocin masu taɓin hankali na Turai a ƙarni na 19. An daɗe ana ɗora laifinta kan gado da mugun hali. A 1913 Hideyo Noguchi da Joseph Moore suka gano ƙwayar cutar tunjere a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ita, kuma da penisilin ya samu a shekarun 1940 sai cutar ta yi ƙaranci ƙwarai. Da an tsaya ana duban mutum a dunƙule kawai, da wuya a kai ga wannan magani. Haka Eric Kandel ya zaɓi wani dodon koɗi na teku mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 kacal, ya nuna cewa koyo yana sauya ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa tana da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86.

Martani ya fito ne daga Austriya da Jamus. A 1890 Christian von Ehrenfels ya ja hankali ga karin waƙa. In namiji mai kakkaurar murya ya rera waƙa, sannan yarinya mai siririyar murya ta rera ta, kowane sauti ya sauya, amma nan take mai sauraro zai ce waƙar nan ce. To, ina karin yake? Ba ya cikin kowane sauti guda, yana cikin dangantakar da ke tsakaninsu. A 1912 Max Wertheimer, tare da Wolfgang Köhler da Kurt Koffka, ya nuna a Frankfurt cewa in aka haska layi biyu ɗaya bayan ɗaya da tazarar da ta dace, mutum yana ganin motsi, alhali babu abin da ya motsa. Daga nan makarantar Gestalt ta samo asali, kalmar da ke nufin siffa ko tsari a Jamusanci. Ita kuwa kalmar da Turawa ke kiran dunƙulewa da ita, Jan Smuts na Afirka ta Kudu ne ya ƙirƙiro ta a 1926, mutumin da a siyasarsa bai ga laifin raba mutane bisa launin fata ba.

Akwai gwaji biyu da suka shafi fanninmu kai tsaye. A 1886, a ɗakin Wundt kansa, James Cattell ya lura cewa an fi saurin gane haruffa in suna cikin kalma fiye da in an jera su barkatai. A 1970 Richard Warren ya cire sauti ɗaya daga wata kalma a cikin jimlar da aka ɗauka a faifai, ya sa tari a gurbinsa. Kusan dukkan masu sauraro suka ce sun ji kalmar cikakkiya, kuma suka kasa nuna inda tarin ya faɗo. Ke nan jimla tana taimaka wa kunne jin sauti, ba sauti kaɗai ke gina jimla ba.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne ciwon damuwa mai tsanani, domin a nan amsar da aka zaɓa ita ke nuna abin da za a yi wa majinyaci. Bayan da Amurka ta amince da maganin Prozac a 1987, bayani ya bazu cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa shi ne musabbabin ciwon. Bayanin yana da sauƙin faɗa, yana kuma cire wa majinyaci kunya. Sai dai a 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka yi bitar binciken da aka tara, suka ce babu tsayayyar hujja a kan haka. Wasu masana sun soki yadda aka yi bitar, kuma ita kanta ba ta auna ko magungunan suna aiki ba. Tun 1978 George Brown da Tirril Harris sun nazarci matan unguwar Camberwell a Landan, suka ga cewa in musiba ta auku, ciwon ya fi kama wadda ba ta da aminin da za ta faɗa wa sirrinta, ko wadda ta rasa uwa kafin shekara 11, ko mai ƴaƴa uku ko fiye ƴan ƙasa da shekara 14 a gida, ko wadda ba ta da aiki a waje. Ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan a gwajin jini.

A 1977 George Engel ya ba da shawarar a riƙa haɗa jiki da tunani da zamantakewa wajen duba majinyaci. A ganina rauninta shi ne raunin dunƙulewa gaba ɗaya: wanda ya ce komai yana da hannu bai faɗi abin da za a iya gwadawa a ƙaryata ba, kuma bai gaya wa likita ta inda zai fara ba. Amma an taɓa aiwatar da irin wannan tunani tun kafin Engel. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci kan sauka a gidan wani mutumin ƙauye tare da ɗan uwansa, ya je asibiti da rana ya karɓi magani, da yamma ya dawo cikin jama'a.