Neman Aiki Cikin Zafin Bazara: Wace Riga Za Ka Sa?

Wata bazara da ta wuce, wani saurayi daga cikin matasanmu, ɗan wani ƙauye kusa da Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ya sami takardar kira zuwa intabiyu a wani ofishi a Dutse. Shekara uku ke nan da gama hidimar ƙasarsa, yana gida yana taya mahaifinsa noman rani a fadama. Tun da asuba ya yi wanka, ya sa baƙar kwat mai kauri wadda wansa ya yi aure da ita, ya shaƙe wuya da nakatai. Babur ya kai shi Haɗejiya, ya jira mota ta cika a tasha, aka cusa su huɗu a kujerar baya. Sa'ad da aka kira sunansa rana ta riga ta take, rigar cikinsa ta jiƙe sharkaf, ƙura ta yi wa kwat ɗin zane a kafaɗa. Da ya dawo ya ce mini, "Baba, tambayar farko na san amsarta sarai, amma gumi na shiga mini ido, hankalina duk yana kan hammatata."

Ba zan ce kwat ce ta hana shi aikin ba, gama masu nema suna da yawa, guraben kuwa kaɗan ne. Amma ta cinye masa natsuwa a ranar da ya fi bukatarta.

Jama'a masu karatu, kowa ya san bazarar ƙasar Haɗejiya. Daga Maris zuwa Mayu zafin tsakar rana yakan haura digiri 40, in kuma damina ta matso sai gumi ya ƙi bushewa a jiki. Dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar a 2008, yana karɓar tsuntsaye daga Turai lokacin sanyi, amma da zafi ya kawo kai sai su tattara su koma. Kwat ɗin da aka ɗinka domin sanyin Ingila ce kaɗai muke tilasta wa zama a nan cikin watan Afrilu.

Ga yadda abin yake. Jiki yana huce zafi ne in gumi ya bushe a kan fata. Yadin auduga yana shan gumi, yana barin iska ta ratsa. Yadin roba, watau irin mai sheƙin nan mai araha da ya cika kasuwa, yana riƙe gumi da wari kamar an naɗe mutum cikin leda. Baƙin tufa yana jan zafin rana fiye da fari, matsattsiyar riga kuma ba ta barin iska ta zagaya. Shi ya sa kakanninmu suka zaɓi riga mai yalwa tun kafin a zo da fanka.

To, me za a sa? Da fari a karanta takardar kiran da kyau. Masu ɗaukar aikin ɗamara, irin su 'yan sanda, sukan ce a zo wurin tantancewa da farar riga da farin gajeren wando da farin takalmin kambas, wannan kuwa ba shawara a ciki. Bankuna da wasu kamfanoni suna son kwat. Amma a ofisoshin gwamnati da makarantu da asibitocin jihar Jigawa, sau da yawa waɗanda za su yi maka tambayoyin ma kaftani da hula ne a jikinsu. Kaftani na shadda mara nauyi ko na yadin auduga, mai sauƙin aiki a wuya, wankakke gogagge, da hula daidai kai da takalmi sau-ciki, ya isa ko'ina. Wasu matasanmu suna ganin wai sai da kwat za a san sun yi boko. A ganina wannan kuskure ne, takardun da ke cikin fayil su za su faɗi haka. Wanda ya fi sakewa cikin shat da wando, ya sa mai dogon hannu ta auduga, ya cusa ta ciki, ya ɗaura bel.

Akwai ƙananan abubuwa da mai wanki da guga ya fi malamin makaranta sani. Sitaci in ya yi yawa yana toshe ƙofofin yadi, rigar ta tsaya ƙyam amma mai ita yana dahuwa. Launin toka da shuɗi mai haske su suka fi tona asirin gumi. Fari tas kuma ba ya jure ƙurar hanya, madara-madara ko ruwan ƙasa mai haske sun fi shi rufin asiri. Kada a ce za a bar singileti domin zafi, ita ce take tare gumi kafin ya fito fili. A goga alimun ko man hammata bayan wanka, a rage turare, domin turare mai ƙarfi a ƙaramin ɗaki da ba wuta yakan hau wa mutane kai.

'Yan'uwa mata, atamfa ta auduga, riga da zani ko riga da doguwar siket, ta fi leshi mai shafi biyu wanda ake ajiyewa domin biki. Ɗinkin ya zama mai hannu, kada ya matse. Ɗankwali da gyale mara nauyi sun dace da al'adar inda za a je, suna kuma kare kai daga rana. Hoda mai yawa ba ta kai ƙarfe goma sha biyu sai ta fara gangarowa.

Amma babban abin da ya ka da saurayin nan hanya ce. Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 aka sa hedkwata a Dutse, mutumin Baturiya da ke neman aikin jiha sai ya yi tafiyar sa'o'i, babur da mota, ƙura da cunkoso. Ba tufar da za ta jure wannan ta isa da kyanta. Saboda haka a yi tafiya cikin tsohuwar riga, a ninke ta intabiyu cikin jarida ko tsabtataccen zani a sa a jaka, a shimfiɗe, kada a danne ta da takalmi. In da hali a tafi tun jajibiri a kwana wurin ɗan'uwa. In babu, a isa da wuri a nemi inda za a wanke fuska a sauya. Mai kwat ya rataya ta a hannu, sai an kusa kiransa ya sa. A riƙe hankici biyu, ɗaya na hanya ɗaya na ofis, da tsumman goge takalmi. A sa takardun shaida cikin fayil na roba domin gumin hannu yana ɓata tawada. A sha ruwa sosai, kada a ƙi sha domin tsoron neman bayan gida, gama ƙishirwa tana kawo ciwon kai da bushewar baki, sai mutum ya riƙa in'ina kamar bai san abin da ya karanta ba.

Iyaye da dattawa kuma, in yaro ya zo aron kaya, ku duba abin da kuke ba shi. Ku ba shi kuɗin guga da na motar da zai tafi da wuri.

Saurayin nan an sake kiransa wani wuri kafin damina ta sauka. Ya kwana a Dutse wurin kawunsa, ya shiga da kaftani ruwan madara da matar kawun ta goge masa da dutsen gawayi. Ya ce mini an riƙe shi kusan rabin sa'a ana tambaya, bai taɓa hankici ba sai sau ɗaya.